Ƙafar Dije

Kusan duk lokacin da aka turo mana ɗalibai koyon aiki, sai an samu wanda zai leƙo ofishina, ya ga tebur da kujeru da fanka, ya ce, "Malama, ke kam kin huta. Ba allura, ba jini, ba kwanan asibiti." Ba na jin haushi, domin daga bakin ƙofa haka aikin yake kama. Aikina shi ne, idan wani abu ya samu mara lafiya a hannunmu wanda bai kamata ya same shi ba, in bi sawu in gano yadda aka yi, in zauna da shi da danginsa mu faɗa musu gaskiya da bakinmu, sannan a gyara hanyar da abin ya biyo. Ina zagaya wasu asibitoci na yankinmu, tsakanin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Ba zan ce ga asibitin da abin da zan ba ku labari ya faru ba, kuma sunayen mutanen duk na sauya su. Ban ce na gama iya aikin ba. Amma ina ganin na daɗe a cikinsa yadda zan iya cewa ba hutu ba ne, kuma a iya sanina babu aikin da ya kai shi daɗi ranar da aka dace.

Na shigo da digiri a kan lafiyar al'umma da kuma tsoron yin kuskure, wanda har yau bai sake ni ba. Aka haɗa ni da Hajiya Tabawa, babbar nas da ta kusa ritaya, mace mai ƙaramin jiki da babbar murya. Aikin farko da ta ba ni na wani tsoho ne da ya faɗo daga gado a ɗakin maza ya goce a kafaɗa. Na yi tambayoyi, na koma ofis na rubuta cewa mai yiwuwa nas ɗin da ke bakin aiki ba ta sa ido sosai ba. Hajiya ta karanta ta ce, "Ruƙayya, taso." Ta kai ni gaban gadon ta ce in hau in kwanta. A ɗakin maza fa!

Na ce, "Hajiya, mutane suna kallo."

Ta ce, "Su kalla mana, dama kwanciya ta ishe su. Yanzu ke ce tsohon. An kira azahar, kina son butarki. Ɗauko."

Butar tana ƙasa, gadon kuwa cikin sababbin da aka kawo ne, masu tsayi. Na miƙa hannu, na ƙara miƙawa, saura ƙiris in bi sawun tsohon. Ɗakin ya kaure da dariya, wani mai karaya yana ta cewa, "A tare Malama!" A makon nan aka rage tsayin gadajen, kafinta ya yi 'yan bencina na ajiye buta. Hajiya ta ce da ni, "Idan kika samu mai laifi da wuri, to ba ki fara binciken ba."

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai allo da alli, inda nake jera abubuwa yadda suka faru, wannan bayan wannan, domin mutane ba sa ba da labari a jere, kowa daga inda abin ya fi ƙona shi yake farawa. Akwai kwali da nake tara kwalabe da sirinji da robar ƙarin ruwa kafin mai shara ya riga ni. Akwai tabarma da ba ta fita daga mota, saboda yawancin zaman da ya yi amfani ba a kan kujera aka yi shi ba. Sai kuma tambaya. Ba na cewa, "Me ya sa kika yi haka?" Wannan tambayar tana rufe baki nan take. Cewa nake yi, "Sai me ya faru?" Zan iya maimaita ta har a gaji da ni.

Mun yi wata muguwar shekara, shekarar da amai da gudawa ya cika mana baranda da marasa lafiya. Ma'aikata sun gaji, wasu sun kwanta, kuma aka samu wani shugaba da yake hukunta duk wanda sunansa ya fito a rahoto. Sai rahotanni suka ɗauke cak. Kada ku ɗauka kuskure ne ya ƙare. Faɗa ne aka daina. Idan na shigo ɗaki sai hira ta mutu, na ji ana ce min 'yar sanda. A sana'armu muguwar shekara ita ce wadda teburinka yake fes. Mun daɗe, bayan an sauya shugaban, kafin nas ta sake tako ƙafarta ofishina da kanta ta ce, "Malama, yau na kusa yin wani abu." Ranar da hakan ta fara faruwa sai da na tashi na rungume ta.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa sosai na wata yarinya ne, Dije, 'yar wata ruga a yankin Gwiwa, ba za ta wuce shekara tara ba. Saniya ce ta taka mata ƙafa, ciwon ya daɗe, ya kumbura yana fitar da mugunya. Mahaifinta yana kudu da shanu, don haka yayansa, Malam Buba, shi ya kawo ta, tare da mahaifiyarta Shatu. Likita Modu ya duba ya ce yana zargin ciwon ya kai ƙashi, sai an kwantar da ita an yi mata allurai na makonni. Da hantsi nas ɗin ɗakin yara, Sista Balkisu, ta yi mata allura biyu, ta rage zafi da ta kashe ƙwayoyin cuta, ɗaya bayan ɗaya. Ba a jima ba fuskar yarinyar ta cika, jikinta ya yi rudu-rudu, numfashinta ya koma fito. Balkisu ta yi ihu, likita ya rugo, aka yi mata allurar ceto a cinya, aka sa mata iska. Allah ya sa da sauran kwana. Washegari, kafin likita ya zagayo, Malam Buba ya ɗauke yarinyar suka tafi.

Likita Modu ya zo ofishina ko zama bai yi ba. Ya ce, "Malama, in yarinyar nan ba ta dawo ba, ƙafar za ta tafi, in ma abin ya tsaya a ƙafar. Kuma ban san wacce cikin allurai biyun ce ta yi mata haka ba. Jikinta bai karɓi ɗaya ba, amma wacce?"

Na ce, "An tambaya ko wani magani ya taɓa yi mata illa?"

Ya ce, "An tambaya. An ce bai taɓa ba."

Muka tafi rugar ni da direba. Motar ta tsaya inda hanya ta ƙare, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ta cikin gonakin da aka riga aka girbe. Na tarar da Malam Buba da wasu dattawa a gindin wata tsamiya. Na durƙusa na gaishe su, na faɗi ko ni wace ce, na ce na zo ne in ba da haƙuri, in kuma ji abin da suka gani.

Malam Buba ya ce, "Malama, kin sha hanya a banza. Mun yafe. Abin da Allah ya rubuta ne."

Ku da kuke sababbi za ku ɗauka wannan kalma sauƙi ce ta zo muku. Ni dai a ganina babu kalmar da ta fi ta wuya a aikinmu. Da gaske suke faɗinta, kuma alheri ne. Amma idan aka yafe maka, an gama magana ke nan, ba ka da bakin ƙara tambaya. Gara a zage ni, mai zagi yana faɗin abin da ya gani.

Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri. Amma likita yana tsoron ƙafar. Yana roƙon a dawo da ita."

Ya ce, "Me ya kusa kashe ta?"

Na ce, "Ɗaya daga allurai biyun ne. Ba mu tabbatar da wacce ba tukuna."

Ya yi murmushi, ba na raini ba. Ya ce, "To kin ji. Idan ba ku san abin da ya yi mata haka ba, yaya za ku san ba za ku sake ba? Ubanta ya bar min ita amana. Gara ya dawo ya same ta da ciwo da ya dawo in nuna masa kabari."

Gaskiya ya faɗa. Ana cikin haka Shatu ta kawo min nono a ƙwarya, ta ajiye, fuskarta a kauce. Daga inda nake ina hango Dije a kwance a bakin bukka, an ɗaure ƙafar da tsumma, ƙudaje suna binta. Na ce ko zan iya jin ta bakin mahaifiyarta. Malam Buba ya ce, "Ga ta nan, amma me za ta ce? 'Yar fari ce." Shatu ta tashi ta shige.

Kowa a nan ya san kunyar ɗan fari. Mahaifiyata har yau ba ta kama sunan yayanmu. A rugage abin ya fi ƙarfi: uwa ba ta kiran sunan, ba ta nuna damuwa, ba ta sa baki a maganarsa, balle a gaban yayan mijinta, wanda suruki ne a wurinta. Na san wannan tun ina yarinya. Amma ban taɓa ɗora shi kusa da tambayoyin da muke yi a bakin gado ba, kuma ko a lokacin ban tabbata yana da alaƙa da abin ba. Zato ne kawai na ɗauko na dawo da shi.

Washegari na roƙi Hajiya Tabawa, wadda a lokacin ba ta riga ta yi ritaya ba, da Sista Balkisu mu koma gadon mu sake shirya abin yadda ya faru. Balkisu ta rame a 'yan kwanakin, tana jiran a kira ta gaban kwamiti. Na ce mata ba shari'a muka zo ba, ta nuna mana kawai inda kowa ya tsaya. Hajiya ta ce ita ce Malam Buba, ta tsaya a bakin gadon ta saɓa tsintsiya a kafaɗa kamar sanda. Ni aka mayar Shatu, Balkisu ta tura ni can baya wajen taga.

Ta ce, "Shi na tambaya, shi ne babba, shi ne kuma yake amsawa. Ya ce bai taɓa ba. Sai na fasa kwalbar maganin zafi na yi mata."

Na ce, "Sai me ya faru?"

"Ba komai. Sai na ɗauko ɗayar, mai gari, na zuba ruwa ina girgizawa." Ta tsaya da hannu a sama. "Sai na ji an riƙe min gefen riga."

"Wa?"

"Uwar. Ta taso daga wajen taga ta riƙe ni. Ba ta ce komai ba. Na ce mata, ki yi haƙuri, yanzu za a gama. Na ɗauka tausayi ne, iyaye suna yi. Na zare hannunta."

Na ce, "A allurar farko ta riƙe ki?"

"A'a."

Uwar da ta ga an soka wa 'yarta allura ba ta motsa ba, amma ta ga ana girgiza kwalba ta tsallako ɗaki a gaban surukinta! Hajiya ta sauke tsintsiyar ta ce, "Ta san kwalbar." Na ce mai yiwuwa, kada mu yi gaggawa, zai iya zama wani abin ne daban. Hajiya ta ce, "Ke da mai yiwuwarki! Ɗauki mayafinki ki tafi."

Komawa rugar ba zai yi amfani ba, a can ba za ta yi magana ba. Na tambayi ɗan acaɓan da ya kai ni, ya ce matan rugar suna kawo nono ranar kasuwa. Na je na same su a jere a gindin darbejiya, kowacce da ƙwaryarta. Na sayi fura wajen Shatu, ta dama min kamar ba ta taɓa ganina ba. Matan da ke gefenta duk dangin mijinta ne, don haka na sha furata a hankali, na jira. Da ta kwashi ludaya ta nufi famfo wanki, na bi ta kamar zan wanke hannu.

Na ce, "Sannu da kasuwa, Shatu."

Ta ce, "Yauwa, Malama."

Na ce, "Ba zan tambaye ki kowa na gidanku ba. Labari nake nema. Ko kin taɓa jin wata yarinya, ko 'yar wace ce, da allura ta kumbura wa fuska?"

Ta ci gaba da cuɗa ludayi har na fara tunanin na yi wauta. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Akwai wata. A wajen iyayena, gaba da Babura, bayan an tsallaka iyaka."

"Sai me ya faru?"

"Tana rarrafe lokacin. Tari ya kama ta da zazzaɓi, aka kai ta ɗakin shan magani. Mai maganin ya ɗauko 'yar kwalba mai farin gari, ya zuba ruwa ya girgiza, ya yi mata allura. Kafin uwar ta gama ɗaura goyo, idon yarinyar ya rufe, tana numfashi kamar ana busa kara. Mutumin ya ruɗe, ya yi mata wata allurar, ta dawo. Ya ce da uwar, kada ki yarda a sake yi mata mai garin nan, ko a ina ne."

"Mutanen gidan mijin uwar sun sani?"

"Ina za su sani? Haihuwar fari ce, a gidansu ta yi. Ba ta koma ba sai da ta yaye. Ta gaya wa uban. Shi kuma yana kudu, wayarsa ba ta shiga."

Ga shi nan. Malam Buba bai yi ƙarya ba, bai kuma manta ba. Abin ya faru ne a lokacin da al'ada ta ajiye uwa da jaririyarta nesa da shi. Wadda ta sani ba ta da bakin faɗa a gabansa, wanda yake da bakin faɗa bai sani ba, mu kuma muka tambayi mai bakin.

Na ce, "Ranar da aka sake ɗauko irin kwalbar, uwar ta so ta hana?"

Ta ce, "Na riƙe mata riga." Sai ta ji abin da ta faɗa, ta kai hannu baki. Ruwan famfon yana ta zuba a kan ƙafarta.

Na ce, "Nas ɗin ta gaya min. Ta ce a ba ki haƙuri, ba ta gane ba. Yaya ƙafar?"

"Ba ta taka ta. Tana wari. Ku zo ku ɗauke ta, Malama." Ta tattara ludayanta. "Amma kada ki ce a gabansa ni na faɗa."

Na ce ba zan faɗi sunanta ba, amma ba zan iya yi masa ƙarya ba, kuma mai yiwuwa ya gane. Ta ce, "In ya gane da kansa, ba ni na faɗa ba."

Ban san yadda na isa asibiti ba. Na faɗa ofishin Likita Modu ko sallama ban gama ba. Ya saurara, ya yi min tambayoyi, ya ce magunguna masu gari suna da yawa, ba zai rantse a kan suna ɗaya ba, amma labarin da riƙon rigar sun ishe shi ya guje wa dangin wannan maganin gaba ɗaya, akwai wani na daban da zai yi aiki a ƙashi. Ya ce zai fara da kaɗan, da allurar ceto a hannu, yana tsaye. Na ce to sai ya zo ya faɗi haka da bakinsa a gindin tsamiya. Balkisu ta ce ita ma za ta. Na ce ba dole ba ne. Ta ce ta sani.

Washegari da sassafe muka isa rugar, muka shimfiɗa tabarmarmu. Da likita ya yi gaisuwa, Malam Buba ya ji harshensa, ya ƙare wa fuskarsa kallo ya ce, "Af! Ashe Babarbare ne ya duba ta. Ai da na sani tun farko da ban yi mamaki ba."

Likita ya ce, "Ka ga ubangidanka ya tako har ruga, ko tashi ba ka yi ba. Bafillace dai ba ya jin magana sai ta saniya."

"Saniyar ma ta fi ku sanin magani!"

Dattawan suka fashe da dariya. Ni da nake ta shirya kalmomi tun a mota, sai na ga wasan nan na Barebari da Fulani ya buɗe ƙofar da na kasa. Da dariya ta lafa, likita ya gyara zama ya faɗi komai dalla-dalla: allurar da muke da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi, dalilin da ba za a sake yi mata ita ba, abin da za a ba ta a madadinta, da abin da zai faru da ƙafar in aka bar ta. Bai ɓoye cewa kowane magani yana da nasa haɗarin ba. Ya ce irin wannan ya taɓa samunta tana jaririya.

Malam Buba ya ce, "Wa ya gaya muku?"

Na ce, "Baba, mun tambaya ne a inda ya kamata mu tambaya tun farko."

Ya juya ya dubi bukkokin mata. Ya daɗe yana kallo. Sannan a hankali ya ce, "A gidansu aka haife ta." Ya sunkuyar da kai. "Ni ne na ce muku bai taɓa ba."

Likita ya ce, "Abin da ka sani ka faɗa, kuma gaskiya ka faɗa. Mutum biyu suka kawo ta, mu muka tambayi ɗaya. Wannan namu ne."

Balkisu ta matso ta durƙusa ta ce, "Baba, ni na yi allurar. An riƙe min riga, na zare hannun. Ku yi haƙuri."

Ya ce, "Tashi, 'yata. Ni ina tsaye a wurin, ni ma na ga an riƙe ki. Har na ji kunya a raina, na ce yau ga ta tana nuna son 'ya a gaban mutane."

Daga nan na yi abin da nake yi a ƙarshen kowane zama. Na ce ba mu so hakan ta sake samun 'yar kowa, kuma su suka fi mu sanin gidajensu, me suke ganin za mu gyara? Na zo da nawa tunanin, na a ƙara layi a takardar tambayoyi. Malam Buba bai ko bi ta kan takarda ba.

Ya ce, "Ku kore mu."

Na ce, "Na'am, Baba?"

"Mu maza. In kun gama tambayarmu, ku aike mu. Ku ce mu ɗebo ruwa, ko likita yana kira. Mace ta tambayi mace. Kuma kada ku ce mata ɗanki ko 'yarki, ku ce yaron nan. Za ta faɗa."

Wani dattijo ya ce, "In surukarta ce ta rako ta, ita ma a kore ta. Ta fi mu tsanani." Aka sake dariya.

Haka muke yi yanzu a ɗakunan yaran da nake zagayawa. Ba zan ce ya kawar da komai ba, ban da hujjar faɗin haka. Amma nas-nas suna gaya min cewa tambaya ta biyu, wadda ake yi bayan an aiki mai rakiya, sau da yawa amsarta ba irin ta farko ba ce. Kwamiti ya karɓi rahoton, babu wanda aka hukunta, aka kuma fara ɗaura jan zare a hannun duk yaron da wani magani ya taɓa yi wa illa.

A ranar muka taho da Dije, a kwance a bayan mota, kanta a cinyar Balkisu. Da aka kwantar da ita, likita ya tsaya a gefe da allurar ceto, Balkisu ta turo tiren magani. Kafin kowa ya ce uffan, Malam Buba ya miƙe ya gyara hularsa ya ce, "Bari in je in ga ko an kira sallah." Rana ko tsaka ba ta yi ba. Da ya fita, Balkisu ta ɗauki sabon maganin ta je har wajen taga ta ɗaga wa Shatu. Ta ce, "Wannan za a ba yarinyar nan. Kin taɓa ganinsa?" Shatu ta karɓa, ta juya shi, ta ɗaga shi a haske, ta miƙa mata ta ce, "Ba shi ba ne." Aka fara a hankali. Muna tsaye mu huɗu muna kallon fuskar yarinya kamar masu duban wata. Ba abin da ya faru. Dije ta gaji da mu ta ce tana jin yunwa.

Jinyar ta yi tsawo. An shiga da ita tiyata an wanke ƙashin, akwai makon da zazzaɓi ya dawo har likita ya daina wasa da kowa. Sannan kumburin ya fara saɓewa. Ta fara dafa bango, ta koma sanda, ta yar da sandar.

Ranar sallama na fito baranda in yi musu rakiya. Malam Buba yana gaba yana neman adaidaita sahu, suna ta musayar baƙar magana da likita. Dije ta hango an samu adaidaitar ta zabura, tana ɗingishi kaɗan amma da ƙafarta biyu, tana tsallake kwata. Shatu tana baya da ƙullin kaya a ka, idonta a kan wata bishiya can gefe, kamar ba ta san da wa aka zo ba. Da ta zo daidai ni ta rage tafiya, ba ta dube ni ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Malama, ki ce wa waccan ta rage gudu. Ƙafar ba ta yi ƙwari ba."

Na ɗaga murya yadda duk barandar za ta ji na ce, "Dije! An ce ki rage gudu!"

Yarinyar ta tsaya, ta waiwayo. Ba ni ta kalla ba.